Haƙƙin Zomo Mai Mura a Kan Mai Kiwonsa

Tun da kiwon zomaye ya yawaita a gidajenmu na birni, inda yaro yakan tara 'yan kuɗinsa na barka da Salla ya sayo mace da namiji, uwa ta ba shi wani lungu a bayan ɗaki, uba kuma ya kau da kai yana cewa ai gara wannan da yawon banza, wata mas'ala ta taso wadda ta cancanci a tsaya a kanta fiye da yadda ake yi, watau abin da ya wajaba a kan mutanen gida ranar da wannan 'yar dabba ta soma atishawa, hancinta ya kama zubar da majina, idanunta suka cika da ruwa. Mafi yawan mutane, in za a yi musu adalci, ba ƙeta ce ke hana su kula ba. Abin da ke hana su shi ne zaton da suke yi cewa murar zomo da murar ɗan Adam duk ɗaya ne, takan zo ta wuce da kanta in an ɗan yi haƙuri, alhali kuwa tsakanin biyun akwai rata mai nisa, wadda sau da yawa ran zomon ne ke faɗawa a cikinta.

Ra'ayina a nan, wanda nake so in kafa wa hujja, shi ne duk wanda ya sa zomo a keji ya rufe ƙofa, to, ya ɗauki amana, kuma amanar ba ta tsaya ga dusa da ruwa ba, ta haɗa da iskar da dabbar ke shaƙa, ta kuma haɗa da tsare ta daga maganin da jahilci ke ɗura mata da sunan taimako.

Allah Maɗaukakin Sarki ya halicci zomo bisa wani tsari wanda ya saɓa wa namu, domin bayan hancinsa a haɗe yake da maƙogwaronsa ta yadda iska ba ta da hanyar shiga sai ta hanci, saboda haka abin da mu muke yi ba tare da tunani ba in hanci ya toshe, watau buɗe baki mu ja numfashi, shi a wurinsa ba ya faruwa sai wahala ta kai matuƙa. Wanda duk ya ga zomonsa ya miƙa wuya sama, ya buɗe baki yana neman iska, to, ya sani lamarin ya wuce a jira wayewar gari. Ƙirjinsa kuma ƙarami ne in an gwada da girman cikinsa, ga shi yana numfashi da sauri, kimanin sau 30 zuwa 60 a minti guda yana hutawa. Bayan wannan akwai ɗabi'ar da ya gada ta dabbar da ake farauta, wadda ta san cewa nuna rauni kiran shaho ne, don haka yakan ɓoye ciwonsa iyakar iyawarsa, yana ci yana tsalle kamar ba komai, har sai jiki ya gaza. Shi ya sa masu kiwo da yawa sukan ce zomonsu ya mutu farat ɗaya, alhali ya yi makonni yana jinya ba wanda ya lura. Mai lura kuwa yana da alama guda wadda ba ta ƙarya: ya duba cikin ƙafafun gaba, domin da su zomo ke share hancinsa, in ya tarar gashin wurin ya cukurkuɗe ya bushe da majina, to, ko hancin ya yi fes a lokacin, ciwon yana nan.

Asalin wannan cuta a galibi wata ƙwayar cuta ce da masana suke kira Pasteurella multocida, sunan da aka ba ta don tunawa da Louis Pasteur, masanin Faransa wanda ya yi bincike a kanta wajen kwalarar kaji a shekarar 1880, ko da yake akwai wasu ƙwayoyin da kan yi tarayya da ita. Abin mamaki a sha'aninta shi ne zomaye masu yawa suna ɗauke da ita a cikin hancinsu suna lafiya lau, uwa tana ba 'ya'yanta tun suna cikin sheƙa, ba ta tashi ta yi ɓarna sai ranar da jikin dabbar ya yi rauni saboda zafi, ko cunkoso, ko haihuwa a kai a kai, ko firgita, ko gurɓatacciyar iska. In kuwa ta tashi ba ta tsayawa a hanci: takan bi ta hanyar hawaye ta kama ido, ta bi ta cikin kunne har kan zomon ya karkace yana faɗuwa gefe guda, ta sauka cikin huhu, ko ta tara ƙurji a ƙarƙashin fata mai mugunya mai kauri wadda ba ta zuba da kanta. Wani lokaci ma mafarin abin haƙori ne, don haƙoran zomo ba su daina tsiro muddin ransa, in bai sami ciyawar da zai riƙa tauna su lalace daidai gwargwado ba, saiwoyinsu sukan matsa sama su takure hanyar hanci da ta hawaye, sai a yi ta maganin mura alhali cutar tana cikin muƙamuƙi.

To, tun da ƙwayar cutar a gida take, kuma rauni take jira, ashe tambayar da ta kamata mai kiwo ya fara yi wa kansa ita ce, me ya raunana dabbar? A nan ne nake ganin laifinmu ya fi yawa, kuma a nan ne gyara ya fi sauƙi, domin ba ya cin ko kwabo. Ka shiga lungun da aka ajiye zomaye a gidaje da dama, tun kafin ka ga kejin zarnin fitsari zai tarye ka har idanunka su yi yaji. Kai da kake tsaye, hancinka yana nesa da ƙasa, kana kuma da ikon juyawa ka fita, haka ka ji, ina ga dabbar da hancinta ke taɓa wurin dare da rana? Wannan zarni, wanda masana suke kira amoniya, yana ƙona lallausar fatar cikin hanci da hanyoyin iska, yana buɗe wa cuta ƙofa. Lokacin hunturu abin yakan ninka, domin tausayi yakan sa mutane su lulluɓe kejin gaba ɗaya da leda ko buhuna don gudun sanyi, sai su tsare zarnin a ciki tare da dabbar har safe, alhali kuwa zomo, da gashinsa mai kauri, ya fi jure sanyin Kano da na Zariya a kan iska marar fita. Abin da yake bukata shi ne a tare gefen da iskar gabas ke bugowa da ƙura, a bar sauran gefen a buɗe. Ga kuma harawar gyaɗa da ta wake, abinci nagari ne ƙwarai, amma yadda ake shanya ta a ƙasa ko a kan rufi takan cika da turɓaya, saboda haka a kakkaɓe ta a waje kafin a ba shi, dusa kuma a ɗan yayyafa mata ruwa gwargwadon abin da zai cinye nan take, don kada ya shaƙi garinta, kada kuma ragowar ta kwana ta yi tsami. Da damina sai a tsare harawar daga danshi, wadda ta yi funfuna a zubar. Garin katako da ake shimfiɗawa a ƙasan keji, da hayaƙin murhu, da na janareto wanda sau da yawa a lungu ɗaya ake ajiye shi da zomayen, da maganin sauro na ƙonawa, da fiya-fiya, har da turaren wuta na uwargida, duk waɗannan hancin zomo ba ya ɗaukarsu. Haɗa shi da kaji da tantabaru a akurki guda kuwa ƙari ne na ƙura da kashi a kan abin da ya riga ya yi yawa.

Bazara kuma ta fi hunturu haɗari. Zomon gida ba zomon dajinmu ba ne. Kakanninsa daga ƙasar Andalus suka fito, inda suke haƙa ramuka su shige cikin sanyin ƙasa da rana, ba ya yin gumi irin namu, ta kunnuwansa yake rage zafin jiki, kuma da zarar zafi ya kai wajen digiri 30 ya fara galabaita. Mu kuwa a watannin Afirilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da sauran garuruwa, sa'an nan a sa shi ƙarƙashin kwanon rufi. Zomon da hancinsa ya toshe a irin wannan yanayi yana fama da abokan gaba biyu a lokaci guda. A matsar da shi inuwa mai iska, a jiƙa ƙasa ko buhu a kusa da shi, a jingina masa randa mai sanyi ko gorar ruwa mai ƙanƙara da aka naɗe da tsumma, ruwan sha kuma kada ya yanke.

Yanzu sai mas'alar magani, wadda ita ce ta fi sa ni ɗaukar alƙalami. Al'adarmu ce in ɗan akuya ko kaza ta yi rashin lafiya a aiki yaro kemis ya sayo kafso, a fasa a zuba a ruwa, kuma da yake wani lokaci abin yakan yi daidai, sai aka ɗauka ƙa'ida ce mai gudana a kan kowace dabba. Ga zomo wannan al'ada kisa ce. Dalili kuwa shi ne yana da wani babban sashe na hanji wanda ke cike da ƙwayoyin halitta masu amfani, su ne ke narkar masa da ciyawa, da su yake rayuwa. Wasu magunguna in ya sha su ta baki sukan kashe waɗannan masu amfani su bar miyagun, miyagun su yaɗu su zubar da dafi, sai zawo ya ɓarke, cikin kwana kaɗan a tarar da shi a miƙe. Magungunan nan kuwa su ne waɗanda suka fi kusa da hannunmu: amozisilin, da amfisilin wanda ke cikin Ampiclox, da fenisilin na sha, da linkomaisin, da kilindamaisin, da eritiromaisin. Garin maganin kaji da ake zubawa a ruwan sha shi ma abin tsoro ne, domin sau da yawa gauraye ne na magunguna uku ko huɗu, a cikinsu har da wanda zomo ba ya ɗauka. Deksametazon kuma, wanda mutane suka mayar maganin kowane kumburi, yana karya garkuwar jikin zomo, ya ba cutar ƙarfi. Abin baƙin ciki shi ne in zomon ya mutu bayan wannan, sai a ce murar ce ta yi ajalinsa, gobe a sake ba ɗan'uwansa irin abin da ya kashe shi.

Akwai magungunan da suka dace da shi, likitocin dabbobi sun san su, har fenisilin ɗin ma sukan yi amfani da shi ta allura a inda suka ga dacewa, amma da gangan na ƙi jera sunayensu, don na san halinmu, in na jera su gobe za a je a saya a auna da ido. Adadin maganin bisa nauyin dabbar ake ƙiyasta shi, kuma jinyar tana da tsawo, mako 2 zuwa 4, wani lokaci fiye da haka. Wanda ya dakata a kwana na uku don ya ga atishawa ta lafa, ya kashe raunanan ƙwayoyin ne ya bar masu taurin kai, waɗanda in sun dawo maganin farko ba zai ƙara yi musu komai ba.

Tsakanin zuwa wurin likita da warkewa akwai hidimar da ke hannun mutanen gida, kuma yaro mai hankali zai iya ta in an nuna masa. A ware mai ciwon daga sauran, a ba shi kwanonsa na ci da na sha shi kaɗai, a riƙa hidimarsa a ƙarshe sa'an nan a wanke hannu. A jiƙa auduga da ruwan ɗumi a share masa busasshiyar majina a hankali don hanya ta buɗe, kada a shafa masa man zafi ko wani abu mai yaji a hanci. Mafi muhimmanci kuma shi ne a sa ido a kan cinsa da kashinsa, domin dabbar da ba ta jin ƙanshi takan ƙi abinci, hanjin zomo kuwa bai san hutu ba, in ya yi kimanin sa'a 12 bai ci komai ba, kashinsa ya ƙanƙance ko ya ɗauke, hanjin yakan tsaya cik, wannan ma kaɗai ya isa ajali. Sai a rarrashe shi da ɗanyen ganye mai tsabta irin wanda ya saba, kamar ganyen dankalin Hausa da na karas, in ya ƙi, likita ya nuna yadda ake dama abinci a ba shi kaɗan kaɗan da sirinji marar allura. Wajen ɗaukarsa kuma a bar al'adar nan ta cafko kunnuwa a bar jiki yana reto, Bahaushe da kansa ya ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. A tallafi ƙirji da hannu guda, gindi da ɗayan, domin ƙashin bayansa ba shi da ƙwari, shure-shure guda yana iya karya shi.

Na san abin da wani mai karatu zai ce, kuma maganarsa ba ta banza ba ce. Zai ce, Malam, a ƙasar da mutum ke kwana da zazzaɓi don ba shi da kuɗin asibiti, kai kana yi mana wa'azi a kan hancin zomo, wanda kuɗin motar kai shi wurin likita ya kusa kuɗin sayen wani sabo? Amsata ita ce, haƙƙin ɗan Adam shi ne gaba, ba mai jayayya a kan wannan, wanda abincin iyalinsa bai ishe su ba ba a ɗora masa jinyar dabba ba. Sai dai kiwon zomo ba wajibi ba ne, zaɓi ne, wanda kuwa ya zaɓa ya shigo da rai gidansa ya kulle, shari'a ba ta auna haƙƙin wannan rai da farashinsa a kasuwa ba. Kyanwar da aka azabtar da wata mace saboda ita, kamar yadda ya tabbata a cikin Buhari da Muslim, ba ta da wani farashi. Laifin matar shi ne ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Malamanmu na Malikiyya sun gina hukunci a kan irin wannan, har Shaihu Halil ya kawo a babin nafaƙa na Muhtasar cewa ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita, in ya ƙi ko ya gaza sai a sayar da ita. Dalilin hukuncin, a fahimtata, shi ne tsarewa, domin zomon daji in wuri ya yi masa wari ko zafi yakan tashi ya canza, na keji kuwa an karɓe masa wannan zaɓi, saboda haka nauyin ya koma kan wanda ya karɓe. Sakinsa a jeji ma ba mafita ba ne, ba zai kwana biyu ba kare ko muzuru ya gama da shi. Ajiyar dabba don yaro ya yi wasa da ita halas ne, hujjar malamai kuwa ita ce ƙissar Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, wanda yake da ɗan tsuntsu, da tsuntsun ya mutu Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar da yaron cikin baƙin ciki ya tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsun yana lallashinsa. Uban da ya ce wa ɗansa, kai rabu da shi, in ya mutu na saya maka wani, ya duba ya gani ko karatun da ya ba yaron nan ya yi daidai da wancan.

Wanda ya tabbata ba shi da halin magani, ko likita ya gaya masa ciwon ya wuce gyara, yana da wata ƙofa, domin zomo halas ne a mazhabobin nan huɗu, yanka shi da wuƙa mai kaifi ya fi barinsa ya shaƙe a hankali kwana da kwanaki. Sai dai game da cin naman, musamman in an riga an ba shi magani, a tambayi likitan tukuna.

Hukuma ma tana da nata kaso. Aikin likitancin dabbobi a ƙasar nan a kan shanu aka gina shi, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da aka kafa a 1924 yaƙi da ciwon bushiya ne babban aikinta na farko, kuma har yau ido ya fi karkata ga shanu da tumaki da manyan gonakin kaji, dabbobin mata da yara suna can baya. Ilmin kuwa akwai shi, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Shika ta daɗe tana aiki a kan zomaye, ga tsangayoyin likitancin dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Abin da ya rage shi ne ilmin ya sauko cikin Hausa, ta rediyo da ta bakin malaman dabbobi na ƙananan hukumomi, har mai kemis na unguwa ya san cewa in yaro ya zo ya ce a ba shi kafso na zomo, amsar ita ce a'a.

Wajibi ne kuma a rarrabe mura da wata annoba dabam wadda ta fi ta muni, watau cutar zubar jini ta zomaye, wadda aka fara ganewa a ƙasar Sin a 1984, aka kuma tabbatar da ɓullarta a Nijeriya a 2020. Ita bairas ce, maganin ƙwayoyin cuta ba ya taɓa ta, takan kashe zomaye da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci a ga jini ko kumfa mai jini a hancin gawar. Wanda ya ga haka a gidansa ya binne gawarwakin da zurfi, kada ya jefa su a bola ko kwata, ya sanar da ofishin dabbobi, kada kuma ya kwashi waɗanda suka rage ya ruga kasuwa da su don ya tsira da kuɗinsa, domin ta takalmi da tufafi da keji ma cutar tana tafiya, balle ta dabbar kanta.

Ko murar ma tana da hukuncinta a ciniki. Zomon da ya warke sau da yawa bai rabu da ƙwayar ba, yana iya yin shekaru lafiya in an kula da iskarsa da abincinsa, yana kuma iya komawa atishawa da bazara ta kama ko bayan haihuwa, saboda haka bai kamata a mai da shi uwar garke ba. Wanda ya share masa hanci da safe, ya kai shi kasuwa ya sayar wa wani yaro ba tare da ya bayyana ba, ya yi algus, ya ɓoye aibi, mai saye kuma yana da haƙƙin mayarwa in ya gane. Mai saye shi ma ya juya ƙafafun gaban ya duba kafin ya biya, in ya kawo gida kuma ya ajiye baƙon a kejinsa dabam, nesa da sauran, na tsawon mako 3 ko 4, yana duba hancinsa kowace safiya kafin ya haɗa su.